Gyaɗar yazawa ta kwalba a babbar kasuwar Garwa

Jama'a wanda bai ɗanɗana gyaɗar yazawar da wata Hajiya ke sayarwa a kwalba a babbar kasuwar Garwa ba wallahi an bar shi a baya, suyar ta yi daidai, ba ƙauri, gishiri kaɗan. Tsada kam akwai, amma ku tuna kowane ɗan yazawa ƙwallo ɗaya tak yake ratayowa a ƙasansa, kuma ɓawon yana da wani mai da ke ƙona fata, fasa shi aiki ne. Tana da furotin da sinadarin magnesium, ga ƙosarwa. Inda ban ji daɗi ba, ƙasan kwalbar duk gutsattsari ne, Hajiya a riƙa tacewa don Allah.