Hattara da 'yan feshin rina masu bin gidaje a Kano

Jama'ar Kano, musamman mutanen Ɗorayi, Rijiyar Zaki da Sheka, a yi hattara. Akwai wasu samari da ke bin gidaje goye da tankin feshi, suna cewa wai hukuma ce ta turo su kashe rina. Ba katin shaida, ba ofis, ba rasit. Kuma da hantsi suke zuwa, bayan maigida ya fita nema.

Da sun yi sallama an ba su izinin shiga, sai su ɗaga kai su nuna ɗan curin laka a kusurwar bango. “Hajiya, kin ga wannan? Wallahi in ta harbi yaro sai asibiti.” Alhali gidan zanzaro ne. Zanzaro ita kaɗai take rayuwarta, ta gina ɗakin laka, ta zuba wa 'ya'yanta gizo-gizo ko tsutsa ta toshe. Da wuya ta harbi mutum in ba matse ta ya yi ba. Sanda kawai za a sa a kankare. A kan wannan suka karɓi kuɗin cefanen wata maƙwabciyarmu, har tana yi musu godiya.

Rina ta gaske sheƙarta daban ce: toka-toka, ramukanta na kallon ƙasa, a rataye ƙarƙashin kwano, bakin indararo ko reshen mangwaro. Ita ce mai faɗa, kuma ba ta barin ƙarinta a jikin mutum yadda ƙudan zuma ke yi, don haka guda ɗaya tana iya maimaita harbi. To ko ita ɗin ce, feshin tsakar rana aikin banza ne. A wannan lokacin, da yawansu sun fita kiwo. Da magariba za su dawo, mai feshi kuwa ya daɗe da barin unguwa, lambar da ya bayar kuma a kashe. Wanda ya san aikin da asuba yake zuwa ko bayan duhu ya shiga, jikinsa a rufe ruf, kuma ba ya tafiya sai ya cire sheƙar.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da ke cikin tankin. In an yi sa'a, ruwa ne da ɗan kalanzir don wari. In ba a yi ba, fiya-fiya ce, wato maganin ƙwarin gona mai sinadarin dichlorvos, wanda tun 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Shi suke watsawa har kan randa da kwanukan abinci. Wasu ma ƙwayar bom ta ajiyar wake suke cusawa a silin. Wannan da ta ji danshi take fitar da iska mai guba, kuma tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. Garin da suke ƙullawa a leda su ce kariyar shekara ce, kada ma a saya, babu wannan.

Iyayenmu mata, kada ku bari baƙo ya wuce zaure in maigida ba ya nan, domin mai feshi yana ganin kowane lungu na gida. A ce ya nuna kwalbar maganin da lambar rajistarta. In ya ce daga hukuma yake, a kira mai unguwa.

Kuma don Allah kada haushi ya sa a cinna wa sheƙa wuta a jikin silin. In rina ta yi harbi, a wanke da sabulu a ɗora ƙanƙara. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti nan take. Haka in bayan feshi yaro ya fara amai da dalalar miyau: a fitar da shi iska, a cire masa kayan jikinsa, a tafi asibiti da kwalbar maganin in an same ta.