Manhajar Spot the Station: wata uku ina ɗaga kai sama

Wata uku ke nan da na sauke Spot the Station a wayata, manhajar da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fitar a 2023. Aikinta ɗaya ne tak: ta faɗa maka lokacin da Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wato ISS, za ta gifta ta saman inda kake, ta ina za ta ɓullo, ta ina za ta ɓace, da minti nawa za ka samu kana kallonta.

Ranar farko, jim kaɗan bayan magariba wayar ta sanar da ni. Na fita da ɗiyata, muka fuskanci arewa maso yamma kamar yadda aka nuna. A daidai mintin da aka rubuta sai ga wani farin haske ya taso, ya fi taurarin da ke kewaye da shi haske nesa ba kusa ba, ba ƙara, ba ƙyaftawa irin ta fitilar jirgi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, da gaske akwai mutane a ciki?" Na ce akwai, galibi mutum bakwai, kuma tun 2 ga Nuwamba 2000 ba a taɓa barin ta ba kowa ba.

Wajen cika lokaci manhajar ta cancanci yabo. Duk daren da sama ta yi tas, na ga tashar a lokacin da ta ce. Hasken da ake gani na rana ne yake dukan jikinta, shi ya sa sai bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta ake hango ta, kuma wani lokaci tana tsakiyar sama za ta dushe don ta shiga inuwar duniya. Akwai sashen da za ka ɗaga kyamarar waya ya zana maka hanyar da za ta bi. Yana da amfani, amma ka matsa daga ƙarfe da motoci don kada kamfas ɗin wayar ya rikice. Shawarata, ka zaɓi giftawar da tsayinta a sama ya haura digiri 40, domin ta ƙasa da haka gine-gine da bishiyoyi kan tare ta.

Abin da ya sa na kasa goge manhajar shi ne abin da nake tunawa duk sanda hasken ya wuce. Wannan abu mai tsawon fili guda na ƙwallo, yana nisan kusan kilomita 400, yana zagaye duniya cikin minti 90, ƙasashe 15 ne suka haɗa hannu a kansa. Sashen farko, Zarya, a Rasha aka ƙera shi, ya tashi a Nuwamban 1998, bayan 'yan makonni Amurka ta kai nata mai suna Unity aka haɗe su. Kanada ta ba da hannun ƙarfen da ke ɗaukar kaya, Japan ta kawo ɗakin gwajin Kibo, Turai ta kawo Columbus. Kuma an gina ta yadda ba wanda zai iya tafiyar da ita shi kaɗai: injinan ɓangaren Rasha ne akasari ke tura ta sama idan ta fara yin ƙasa, manyan faya-fayan rana na ɓangaren Amurka kuma su ke ba da mafi yawan wuta. Zaman 'yan marina ne na gaske, kowa da inda ya fuskanta, amma rufi ɗaya.

Aka gwada wannan zama a 2022, lokacin da yaƙin Yukren ya ɓata tsakanin Rasha da Yammacin duniya. Takunkumi ta ko'ina, amma a Satumban shekarar Ba'amurke Frank Rubio ya tashi a kumbon Soyuz na Rasha, a Oktoba kuma Anna Kikina ta Rasha ta tashi a kumbon kamfanin SpaceX na Amurka. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Tun musafahar Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyet da Thomas Stafford na Amurka a sararin samaniya a 1975 ake da wannan igiya, kuma har yau ba ta tsinke ba.

Ta fuskar kuɗi, tashar ta lashe sama da dala biliyan 100, nauyin da ba gwamnatin da za ta so ɗauka ita kaɗai. Da Amurka ta ajiye kumbunanta a 2011, sai da ta shekara tara tana sayen kujera a Soyuz, abin da ya sa ta ƙara ƙaimi wajen ɗora wa kamfanoni aikin jigila har SpaceX ta kai mutane a 2020. Ƙasashen da ba su da roka ma sun samu ƙofa: daga ɗakin Kibo aka saki tauraron ɗan Adam na Ghana, GhanaSat-1, a 2017, da ƙaramin tauraron Kenya na farko a 2018.

Inda manhajar ta tsaya shi ne tasha ɗaya kawai take nunawa. Akwai ta biyu a sama, Tiangong ta Sin, wadda aka fara haɗawa a 2021, ita ma ana ganin ta da ido. Sin ba ta cikin ISS, kuma wata dokar Amurka ta 2011 ta taƙaita wa NASA yin aiki da ita kai tsaye. Mai son ganin Tiangong sai ya nemi wata manhajar, ni ma haka na yi, yanzu biyu gare ni.

Duk da haka ina ba kowa shawara ya sauke Spot the Station, kuma kada ya jinkirta. Rasha ta amince ta zauna a ISS zuwa 2028, sauran zuwa 2030, kuma tuni aka ba SpaceX aikin ƙera kumbon da zai sauko da tashar cikin teku. Gobe da asuba akwai giftawa ta minti shida, ɗiyata ta ce in tashe ta.