Neman waƙa a Japan, sai ka san gaɓar farko

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ka gaida min Inna da yara.

Ka tambaye ni ko a nan akwai masu tura waƙa a memori irin yaran Farm Centre. Babu, ko guda ban gani ba. Amma bari in ba ka labarin yadda suke neman waƙa, don ni abin ya ɗaure min kai.

Daren Juma'ar da ta wuce abokan aiki suka ja ni gidan karaoke a nan Nagoya. Ɗan ɗaki ake ba ku haya, da kujeru da talabijin da makirfo biyu, ku rufe ƙofa. Kiɗa ne zalla ke tashi, ku ne mawaƙan. Kowane mutum ana yi masa lissafi duk rabin awa. Da rana akwai araha, daren ƙarshen mako kuwa kuɗin ninkawa yake yi. Su giya suka sha, ni na tsaya a shayi mai sanyi, ba wanda ya ce don me.

Sai aka miƙo min wata 'yar na'ura mai allo, wai denmoku, aka ce in zaɓi waƙa. Nan na ga ta kaina. Su ba a, b, c suke bi ba. Gaɓa-gaɓa ne rubutunsu, guda 46: a, i, u, e, o, sai ka, ki, ku, ke, ko, daga nan layin sa, ta, na, ha, ma, ya, ra, wa. Wasulansu biyar ne kamar namu, shi ya sa bakin Bahaushe ba ya wahala da su. Inda gizo ke saƙar shi ne, gaɓar "ga" tana ƙarƙashin "ka", "za" tana ƙarƙashin "sa", "ba" kuma tana ƙarƙashin "ha". Ɗan ɗigo biyu kawai ake ƙara wa harafin.

Waƙar Japan ɗaya tak na sani tun a gida, wadda ake kira Sukiyaki. Na danna gaɓar "su" ina ta lalube. Wani dattijo a cikinmu ya leƙa, ya kwashe da dariya, ya ce in koma gaɓar "u". Ashe sunanta na gaskiya Ue o Muite Arukō, ta Sakamoto Kyū, ta 1961. Turawa ne suka laƙaba mata sunan abincin nama, har ta hau kan jerin waƙoƙin Amurka a 1963 da wannan suna. Ka ji, kamar a ɗauki waƙar bege a sa mata suna Dambu.

Gaɓar "sa" kuwa, in ka shiga sai ka gaji da gangarawa, saboda Sakura, furen nan da ke buɗewa ƙarshen Maris. Lokacin ne ɗalibai ke gama makaranta, a Afrilu a soma sabuwar shekarar karatu da aiki, don haka waƙar bankwana ba ta rasa furen. Mawaƙa da yawa sun sa wa waƙarsu wannan suna ɗaya, dole sai ka san wa ya rera.

Shagunan faifai ma haka aka jera su, bisa gaɓar farko ta sunan mawaƙi, kuma da sunan dangi ake farawa. Har yanzu suna sayen CD, sabon kundi wajen yen 3,000. Ni na hannu nake saya a Book-Off, wani shagon kayan hannu, tsaf-tsaf kamar ba a taɓa buɗewa ba. Gidajen karaoke kuma suna biyan wata ƙungiya, JASRAC, wadda aka kafa tun 1939, ita ke raba wa masu waƙar haƙƙinsu. Nan kam sun fi mu. Mawaƙinmu zai ji waƙarsa a kowace adaidaita, bai ga ko sisi ba.

Sai dai yaron Farm Centre ya fi na'urar nan kai. Ka je ka ce, "Waccan da aka yi ta sawa a bikin Sallah," ka ɗan gunguna amshin, kafin ka rufe baki ya tura. Denmoku ba ta san wannan ba.

Duk da surutun haƙƙin da na yi, ka sa yaron bakin layinmu ya cika min memori da waƙoƙin kalangu, ka ba mai zuwa. Ba sai ka rubuta masa sunaye ba, ya san waɗanda nake so.

Ƙaninka.