Wace manhaja za ka zaɓa don jera launi hawa-hawa?

Duk mai zane a kwamfuta ya saba da launin da ke narkewa a hankali, ja ya shige ruwan ɗorawa ba a ga inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara ba. Amma wani aikin akasin haka yake so: launi ya riƙa sauka kamar matakala, ratsi shida ko takwas, kowanne da gefensa a yanke tsaf, irin wanda ake sa wa faɗuwar rana a fasta. Kafin ka zuba kuɗi a wata manhaja saboda wannan, ka fara sanin abu ɗaya: a kan hoto za ka yi aikin, ko zane ne da gobe za a ƙara masa girma?

In a kan hoto ne, sunan da kowa zai fara kawo maka shi ne Photoshop na kamfanin Adobe, wanda ya fito tun 1990. Yana yin aikin ta hanya biyu. Ko dai ka ɗora alamomin launi biyu a wuri guda a kan layin launuka, sai gefen ya yanke, ko ka shimfiɗa launi mai narkewa ka bi shi da Posterize, umarnin da ke yanka launi mataki-mataki, ka rubuta adadin matakan da kake so. Abin da ya fi ƙarfi a kansa shi ne kowane gyara na zama a shimfiɗarsa daban, ka dawo bayan sati guda ka mayar da shida ta koma tara ba ka ɓata komai ba. Sai dai tun 2013 ba a sayar da sababbin sigoginsa gaba ɗaya, kuɗin haya ake biya. In jera launi ne kawai buƙatarka, ni ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyin ba.

A nan zan ɗan tsaya, domin wurin da mutane ke ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba ke nan. Posterize ba ya kallon launi a dunƙule. Ja da kore da shuɗi kowanne daban yake yanka shi. Ka ce masa shida, zai ba kowannensu mataki shida, wato launi har 216 na iya fitowa. Shi ya sa za ka ja shuɗi zuwa ruwan lemo, ka ga ratsi sun fito wani siriri wani faffaɗa, ga wani launin toka-toka a tsakiya da ba ka gayyata ba. Maganinsa mai sauƙi ne: fara da baƙi zuwa fari, ka yanka shi mataki shida, sannan ka lulluɓe shi da Gradient Map mai ɗauke da launukanka, wato gyaran da ke musanya kowane matakin toka da launi. A launin toka duka ukun tafiya ɗaya suke yi, don haka ratsi shida cif za ka samu. Ka kuma kashe Dither, zaɓin da ke gauraya launuka da ƙananan ɗigo, tun farko, in ba haka ba gefen zai fito kamar an yayyafa masa yashi.

Wannan dabarar tana aiki a GIMP, kuma shi kyauta ne. Spencer Kimball da Peter Mattis suka fara shi a 1995. Abin da nake so a tattare da shi, a cikin editan launukansa kana iya zaɓar wani yanki ka ce masa Step, launin ya tsallaka kai tsaye ba narkewa. Daɗaɗɗen ƙorafin da ake yi masa shi ne in ka zartar da gyara ya zauna ke nan, sigar 3.0 da ta fito a Maris 2025 ta rage wannan matsalar sosai. Krita ma kyauta ne, yana da Posterize, amma mai zanen hannu zai fi jin daɗinsa. Photopea kuwa a burauza yake aiki, ba sai ka sauke komai ba, yana buɗe fayil ɗin PSD, wato na Photoshop. Ya dace da aikin gaggawa in ka iya haƙuri da talla a gefen allo.

Affinity ya cancanci a duba shi da kyau. Canva ta sayi kamfaninsa Serif a 2024, kuma daga Oktoba 2025 an haɗe manhajojinsa wuri guda aka sake su kyauta. Aikin hoto da zanen layi duk a taga ɗaya.

To amma in tambari ne, ko abin da za a buga a babban allo, ka bar duk manhajojin hoto. Ratsin da Posterize ya yanka, in a karkace yake ko da'ira, kana ƙara masa girma za ka ga gefensa ya zama haƙoran zarto. Illustrator, manhajar zanen layi ta Adobe, yana da Blend: ka zana siffa biyu, ka zaɓi Specified Steps, ka rubuta huɗu, ya cike tsakaninsu da siffa huɗu, jimilla shida, kowacce da launinta. Inkscape, wanda shi ma kyauta ne, yana yin kwatankwacin haka da Interpolate. Ya fi Illustrator ɗaukar lokaci wajen saitawa, kuma in kana son sauya adadin sai ka sake daga farko, amma gefen da zai ba ka ba ya lalacewa komai girman bugun.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai aikin tambari ya ɗauki Inkscape. Mai gyaran hoto ya fara da GIMP ko Affinity. Wanda abokan aikinsa ke turo masa PSD kullum shi ne ke da hujjar biyan Adobe. Kuma ko wacce ka ɗauka, ka adana aikin a PNG ko SVG, domin JPEG kan bar datti a daidai gefen ratsin da ka sha wahalar yankawa.