Filin fakin da ke bayan asibitinmu: araha akwai, tsaro kuwa sai a hankali

Da farko ba ni da abin faɗa a kan wannan fili sai alheri. Duk mai aikin karɓa-karɓa a asibiti ya san wahalar. Ka iso dutin dare, masu dutin yamma ba su fita ba saboda ba a miƙa aiki ba tukuna, 'yan dubiya kuma sun cike sauran wurin, sai ka yi ta zagaye kana duba agogo. Sitikar ma'aikata da ake mannawa a gilashi izinin shiga ce kawai, ba ta kama wa kowa gurbi. Shi ya sa da abokiyar aikina ta nuna min filin haya da ke bayan asibiti, nan take na yanki katin wata. Ya fi biyan awa-awa sauƙi nesa ba kusa ba, taku kaɗan ne zuwa ƙofar ma'aikata, kuma hanyar da fitilu. Ga macen da ke fitowa ita kaɗai da tsakar dare, fitilun nan sun fi min rangwamen daraja.

Wata safiya na sauka daga duti, ido kamar an zuba yashi. Ina tayar da mota sai ta saki wani ruri da ya sa kowa ya waiwayo. Na durƙusa da kayan aikina na leƙa ƙarƙashi: an datse bututun salansa ta gefe biyu, an ɗauke katalis, wato na'urar da ke tace hayaƙin mota, ga garin ƙarfe a zube. Bakanike ya ce ƙarafa masu tsada da ke ciki ake bi, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma da zarto mai batir mintuna kaɗan sun ishi ɓarawo. Motar mai dutin dare kuwa ita ce mai sauƙin samu, tunda awa 12 take yi wuri ɗaya, kuma an san mai ita ba za ta bar majinyata ta fito ba.

Na nufi ofis da ƙarfin gwiwata, don a allon talla an rubuta tsaro dare da rana, ga kyamarori reras a kan turaku. Sai a ranar na ji cewa ta bakin get kaɗai ke ɗauka, ita ma lambar mota take kallo saboda lissafin kuɗi. Sauran ba a ko jona su ba. Manajan ya kai ni gaban wani rubutu ƙanana a ƙasan allon, ya ce, "Sista, ki yi haƙuri, mu wuri muka ba ki haya, ba amanar mota muka karɓa ba." Wallahi wannan magana ta fi satar yi min ciwo. To kyamarorin da ba sa aiki, wa aka rataya wa su, ɓarayi ko mu masu biya?

Tunda abin ya zo, bari in faɗi batun cin tara ma. Katin na wata ne, amma idan ka ajiye mota awa 12 yake ba ka cif, ko minti ba sa ƙarawa. Wanda ya tsara wannan bai taɓa tsayawa miƙa aiki ba, bai taɓa ganin majinyaci ya rikice ana saura kaɗan a tashi ba. Ka tsaya ceton rai, ka fito ka tarar da tara tana jiranka. Sikotland da ke Birtaniya ta soke kuɗin fakin a yawancin asibitocin gwamnati tun 2008. Mu nan rabin awa kawai muke roƙo a ɗaga mana.

Baba mai gadi ba ruwansa a wannan ƙorafi. Shi kaɗai aka ajiye wa filin duka, amma ko ƙarfe nawa ne zai ɗauki tocila ya raka mace har bakin motarta. Saboda shi da fitilun hanya na sabunta katina, sai dai yanzu kusa da get nake ajiyewa, idan na samu.

Tauraro biyu na ba su. Mai son yankar kati, kafin ya biya ya ce a nuna masa hoton daren jiya daga kyamarar layin da zai riƙa ajiye mota.