Haddar jadawalin sau ko ƙirga da tsakuwa: wanne zai fi wa ɗan aji uku?

Malam, na ga tambayarka tun shekaranjiya, cirar gyaɗa ce ta riƙe ni. Ka ce yaronka yana aji uku a firamaren garinku can wajen Babura, yana rera jadawalin sau daga gidan biyu har gidan goma babu gargada, amma ranar da ka tare shi da "shida sau bakwai nawa?" sai ya yi tsuru-tsuru, ya koma can "shida sau ɗaya shida" yana gangarowa. Wani ya ce maka a ajiye haddar a koma masa ƙirga da tsakuwa, wani kuma ya ce wannan ai wasan ƙasa ne. Na daɗe ina koyar da ƙananan azuzuwa, kuma duka biyun na yi aiki da su, don haka bari in jera maka su ka gani.

Hadda ba abar rainawa ba ce. Yaranmu sun tashi da ita tun makarantar allo, kunnensu ya saba da kari, abin da aka rera sau goma ya zauna. Ba ta bukatar kayan aiki, kuma malamin da yara suka cika masa aji har bakin ƙofa ita ce kaɗai za ta kai ga kowa a lokaci guda. In yaro ya shiga aji huɗu da biyar aka ba shi 347 sau 8, ko aka ce ya raba 56 gida bakwai, ba shi da lokacin tsayawa ƙirga. Dole amsar ta kasance a kan harshensa. Aibinta shi ne wanda ka gani da idonka: yaron waƙa ya haddace, ita kuwa waƙa daga farko ake ɗauko ta. Ka duba musabaƙa. Alƙali daga tsakiya yake ɗauko aya, kuma a nan ake gane wanda haddarsa ta nuna. Lissafi ma haka yake tambaya, ba ya bin layi. Wata alamar kuma, ka tambaye shi bakwai sau sifili. Da yawa daga masu haddar baki za su ce maka bakwai, domin babu wannan baitin a waƙar.

Ita kuwa tsakuwa, ko ƙwallon dabino, ko murfin kwalba, aikinta ta nuna wa yaro abin da kalmar "sau" take nufi. A nan Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin. Muna cewa uku-uku, biyar-biyar, kuma yarinyar da take tallan awara ta san kashi huɗu uku-uku sha biyu ne tun kafin ta taɓa alli. Abin da ya rage shi ne a ce mata wannan da kika sani shi ake rubutawa 3 × 4. Kwano bakwai babu komai a ciki, tsakuwa nawa ke nan? Babu. An gama da sifili, ba a kai minti guda ba.

Amma kada a tara tsakuwar tsibi-tsibi kawai. A jera ta kamar shuka. Kunya uku, kowace da rami takwas, ashirin da huɗu. To, yaro ya tashi ya zagaya ya tsaya ta ɗaya gefen. Yanzu layi takwas yake gani, uku-uku, kuma ba a ƙara ko ɗaya ba, ba a rage ba. Kiret ɗin ƙwai ma ya isa misali: biyar ta nan, shida ta can, talatin ko ta ina ka juya shi. Ranar da yaro ya ga wannan da idonsa, ya sauke kusan rabin kayan da ke kansa. Jadawalin ɗaya zuwa goma amsoshi 100 ne, amma in ka san uku sau takwas da takwas sau uku abu ɗaya ne, sun koma 55. Cire gidan ɗaya da na goma, waɗanda ba su da wata wahala. Cire gidan biyu, tunda ninki ne kawai. Cire gidan biyar, wanda kullum yake ƙarewa da 5 ko 0, kuma yaro ya san shi daga yatsunsa da salloli: kwana shida salla nawa? Abin da ya saura 21 ne. Wanda yake hadda zalla bai san da wannan rangwamen ba, duka ɗarin yake ɗauke da su.

Gidan tara shi na fi jin daɗin koyarwa, don tsofaffinmu sun riga mu. Kakarsa in tana ƙirga ba lalle ta ce sha takwas ba, "ashirin biyu babu" za ta ce. To tara sau biyu ke nan: goma sau biyu, a cire biyu. Tara sau bakwai, saba'in bakwai babu, sittin da uku. Tara sau takwas, tamanin takwas babu, saba'in da biyu. In ya rubuta amsoshin a jere, 9, 18, 27, 36 har 90, ka sa shi ya tara lambobi biyun kowace amsa, zai ga tara suke bayarwa. Akwai kuma dabarar yatsu: ya buɗe hannu biyu, ya lanƙwasa yatsa na huɗu daga hagu, uku sun rage a hagu, shida a dama, 36. Yara suna son ta, amma ni ba na fara ba su ita, don ba ta gaya musu dalili. Da tara ya fita, saura 15.

Gidan huɗu ninki ne a kan ninki: bakwai, sha huɗu, ashirin da takwas. Ka sake ninkawa ka sami na takwas, 56. Shi kuma shida sau bakwai da ya kayar da yaronka, bakwai sau biyar 35 ne, ya ɗora bakwai guda, 42.

Kada in yi wa tsakuwa yabon ɗan kuturu, tana da nata laifin. Yaro yana iya maƙalewa a kanta ya yi ta ƙirga ɗai-ɗai har aji biyar. Na taɓa samun wanda in na ce takwas sau tara sai ya cika bayan littafinsa da zane saba'in da biyu, ya ƙirga, ya sami saba'in da ɗaya. Ya fahimci ma'anar sarai, amma kafin ya gama tambaya ɗaya 'yan'uwansa sun yi biyar. Tana kuma bukatar wani ya zauna kusa yana kallon hannun yaron, abin da malami ɗaya ba zai iya yi wa aji guda ba. Shi ya sa nake ganin ta fi dacewa da gida, a tsakar gida bayan la'asar, a ɗan kula kada ƙannensa masu rarrafe su kai baki.

To in ka ce sai na zaɓa wa naka yaron, tsakuwa zan ce, amma ta ɗan lokaci. Hadda ya riga ya yi ta, ma'ana ce babu. Ka ba shi mako biyu ko uku yana jera kunyoyi yana zagaya su, har ya iya gaya maka da bakinsa dalilin da ya sa huɗu sau shida da shida sau huɗu suka zo ɗaya. Daga nan ka kwashe tsakuwar, ya riƙa ganin jerin a zuciyarsa. Sannan a dawo hadda, amma ta waɗannan 15 ɗin, kuma a watse: kuna hanyar gona ka jefa masa guda uku, gobe wasu uku, jibi ka dawo da wadda ta ba shi wuya. In ya yi shiru kada ka ba shi amsa, kada kuma ka ɗaga murya. Ka ce masa, "Wacce ka sani kusa da ita?" In an yi haka da Hausa ya zauna, sai ka riƙa maimaita tambayar da Turanci, tunda da shi zai tarar da ita a takardar jarrabawa.

Bakwai sau takwas tana cikin waɗanda za su fi yi masa gardama, haka take yi wa yara da yawa. In ninkawar ta ƙi zama, ka rubuta masa 5, 6, 7, 8 a ƙasa da tsinke, ka ja layi a tsakiya: 56 a hagu, 7 da 8 a dama.