Hattara da "daktan" WhatsApp mai maganin ƙwaƙwalwa

Jama'a, abin da ya samu ƙanina ne ya sa nake wannan rubutu, don na ga har yanzu tallar mutumin tana yawo a guruf-guruf, musamman na mata.

Shekara uku ke nan ƙanina yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa. Likita ta ɗora shi a kan olanzapine, maganin taɓin hankali, ƙwaya ɗaya da dare, kuma alhamdulillahi ya samu sauƙi har ya koma kan kekensa na ɗinki. Sai dai tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. Ga kuɗin mota, ga bin layi tun asuba, domin likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba. Waɗanda suka gaji da wannan wahala su ake farauta.

Wata maƙwabciya ce ta turo wa Hajiyarmu bidiyon. Mutum ne cikin farar rigar likita, abin awon ƙirji rataye a wuya, yana jan aya yana cewa maganin asibiti danne ciwo kawai yake yi, nasa kuwa tun daga saiwa yake tumɓuke shi cikin kwana 21. Damuwa, rashin barci, farfaɗiya, shafar aljanu, duk kwalba ɗaya. Ba shi da shago, ba ya ɗaga kira, sai saƙon murya. Aka tura Naira 45,000 cikin wani asusu mai sunan mace, kwana biyu direba ya miƙo mana kaya a tasha cikin baƙar leda.

Na riƙe kwalbar nan da hannuna. Takardar jikinta a shagon kwamfuta aka buga ta, kana gogawa da yatsa tawada na bin ka. Ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba sunan kamfani. Kafso ne a ciki, wani cike fam, wani rabi. Da na ɓare ɗaya sai ga garin ganye mai ƙamshin kanumfari gauraye da wani farin gari. Sharaɗinsa guda: a daina maganin asibiti, wai kada su yi faɗa a ciki.

Makon farko yaro ya yi ta barci, Hajiya har tana sa wa mutumin albarka. Ni dai barcin bai kwanta mini ba, domin in ya tashi tangaɗi yake yi, harshe ya yi nauyi. Kwalba na ƙarewa barci ya ƙaurace masa, hannu ya kama karkarwa, muryoyin da ya daina ji suka dawo. Da muka kai kuka, sai "dakta" ya ce aljanin ne ke fita, a ƙaro kwalba ta biyu, Naira 60,000.

Daren da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga muka garzaya asibiti. Gwajin fitsari ya nuna dangin diazepam a jikinsa, ƙwayar sa barci, D5 ɗin nan da 'yan shaye-shaye suka sani, alhali ba a taɓa rubuta masa ita ba. Likita ta ce jiki na sabawa da irin wannan ƙwaya cikin 'yan makonni, yanke ta farat ɗaya kuma na iya jawo jijjiga. Ga shi an bar olanzapine, ciwon asali ya samu ƙofa.

Ta kuma yi mana faɗa, kuma da gaskiyarta: me ya hana mu ce mata kuɗin ya fi ƙarfinmu? Akwai samfurin da ya fi araha, akwai tsoffin magunguna irin su haloperidol, akwai allurar wata-wata ga wanda ta dace da shi. Maganin damuwa na gaske ma, kamar fluoxetine ko amitriptyline, sai ya ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa. Duk wanda ya ce nasa sha yanzu magani yanzu ne, bugar da majinyaci zai yi.

Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Lambar NAFDAC kuma ana duba ta a manhajarsu ta Greenbook, don wasu ƙirƙirar lamba suke yi su manna.

Mutumin ya toshe lambobinmu duka. Makon jiya na ci karo da shi a TikTok da sabon suna, farar rigar nan dai, yanzu wai ciwon suga yake warkarwa. Lambar asusun ma bai canza ba.